Ruwan da Na Ce Zaƙi Ne

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da na dawo aiki bayan na fita takabar Malam ba. Ni ungozoma ce, ban yi boko ba, faɗa nake ana rubuta mini. Na daɗe ina taya ma'aikatan jinya karɓar haihuwa a wani asibiti a Safana. Ran nan ina aiki ina share hawaye da bakin mayafi.

Sai ga Rabi, matar wani malamin makaranta a ƙauyen Zakka, da cikin wata huɗu. 'Ya'yanta biyu ciwon sikila ya kashe su. Shi ya sa mijinta ya kai ta babban asibitin birni, aka soka mata allura a ciki, aka ɗebi kaɗan daga ruwan da ɗa ke kwance a cikinsa, don a gane ko wannan ma yana da ciwon. Kwana biyu ke nan da dawowarta daga birnin. Ta ce mini, "Inna, ruwa nake gani yana ɗiga."

Na ce, "Zaƙi ne, 'yar nan. Gara ya fita, haihuwa ta zo da sauƙi. Koma gida."

Haka iyayenmu suka koya mana. Sista Hadiza, babbarmu a ɗakin haihuwa, ta jiyo mu. Ta ce, "Inna, tun wata huɗu? Wannan zaƙin ya yi sammako. Kawo ta mu yi hoton ciki."

Ta shafa mata mai a mara, ta ɗora na'ura. Ta nuna mini baƙin wuri a gilashin na'urar, ta ce shi ne ruwan, zurfinsa ake aunawa. Na Rabi ɗan kaɗan ya rage wajen ƙafar ɗan. Ta kira likitan birni a waya, ya ce a kwantar da ita, ba daka ba ɗaukar tulu, a riƙa aunawa duk mako.

Na zagaya bayan ɗaki na yi kuka. Cikina na fari haka ya ɗiga, aka ce zaƙi ne, har ya zube. Malam ya tafi bai san dalili ba.

A mako na uku baƙin wurin ya faɗaɗa, ɗigar ta tsaya. Sakamakon birni ya zo, babu sikila. Da kaka na karɓi haihuwar Rabi da hannuna, mace, tana tsala ihu.

Ku 'yan baya, hannun ungozoma yana gane kai da ƙafa, amma ba ya auna ruwa. Tun daga ranar, duk wadda ta ce mini ruwa na ɗiga, ba na ba ta amsa. Hannunta nake kamawa mu tafi wurin Sista.