Ranar da Aka Tashi Rumfar Zoɓo

Har gobe ba na manta ranar da Alhaji Sabo ya tashe mu daga rumfa. Lokacin ni ce shugabar mata masu gyaran zoɓo a wurinsa, nan Gumel. Aikin a fili yake: a sayo buhuna daga ƙauye, mu baje a tabarma, mu tsince tsakuwa da kara, mu tankaɗe, a ɗinke, manyan motoci su kwashe.

Hannu na aiki, baki ma bai huta ba, kun dai san mu. A cikin surutun nan ne Inna Delu, wata dattijuwa 'yar Ɗanzomo, ta dubi ɓurɓushin da ke zuba ƙarƙashin rariya, wanda muke sharewa mu zubar, ta ce, "Wallahi asara muke yi. A haɗa wannan da citta da kanumfari, ai mace jiƙawa kawai za ta yi." Hajo, wadda mijinta direba ne a hanyar Maigatari, ta ce ya ga yadda ake liƙe kaya a ƙananan ledoji a Damagaram, kuma ya san inda ake samun injin. Ni kuma ƙanwata mai shago a Gagarawa ta ce a kawo ta gwada. Kullum sai mun ɗanɗana sabon haɗi, muna tsokanar Inna cewa ya yi yaji kamar bakinta.

Haɗin bai gama daidaita ba Alhaji ya zo da sabon tsari. Mazan wasunmu sun yi ƙorafin fitar kullum, don haka za a riƙa kai wa kowace buhunta gida a adaidaita.

Ya dube ni ya ce, "Asabe, ga 'ya'yanki kusa, ga girkinki. Ko ba sauƙi ba ne?"

"Sauƙi ne, Alhaji, amma akwai abin da muke haɗawa a rumfar nan."

"To ku ƙarasa a gida mana."

Da kyakkyawar niyya ya yi, har guɗa wasu suka yi masa. Sai dai ɓurɓushin da ke taruwa wuri guda ya watsu gida-gida, kowace ta share nata. Inna ba ta riƙe waya, kuma ko tana riƙewa, ba a ɗanɗana haɗi ta waya. Hajo ta bi mijinta Maigatari. Da damina Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta.

Shekarar da kasuwar zoɓo ta faɗi, motoci suka ɗauke ƙafa, sai ga Alhaji a ƙofar gidana riƙe da wata 'yar leda da ya sayo a Maigatari. Garin zoɓo ne da citta.

"Ba wannan kuka so yi ba? Ki tara min matan mu fara, in ba haka ba rufewa zan yi."

Na ce, "Alhaji, wa zan tara? Awon haɗin Inna ta tafi da shi, hanyar injin tana wajen Hajo. Ni rariya na sani."

Na gwada duk da haka, abin ya ƙi. Kafin kaka Alhaji ya rufe, mu duka muka zauna a gida babu ko buhun. Abin na ci mini rai har yau.

Ku da kuka shigo sana'ar yanzu, in kun ga ma'aikata sun haɗa kai suna surutu, kada ku yi saurin raba su. Babu wadda ta san abin duka a cikinmu. Rumfar ce ta sani, ita kuwa muna kallo aka kwance ta.