Sandar Roka da Yaya Ya Ɗaura

Sai da yayana ya yi wata huɗu da rasuwa sannan na iya tayar da injin. Tsohuwar mota ce muka samo a Naraguta, kaji na ƙwai a cikinta, muka ja ta zuwa garejinmu da ke bakin Anguwan Rogo. Shekara biyu muna gina ta idan aikin mutane ya lafa. Muka ƙara wa silinda faɗi, muka sa manyan fistin, don Yaya ya rantse sai ta haye Hawan Kibo bai sauko da giyarta ba. Aikinsa na ƙarshe shi ne ɗaura sandar roka, ƙarfen nan na saman inji da 'yan hannayen da ke danna bawul suke lilo a kansa. Ya rufe murfin, ya ce gobe a tayar. Washegari aka kai shi asibiti, bai dawo ba.

Bugu ɗaya ta tashi, har na yi ƙwalla. Kwana uku, sai ga ƙas-ƙas-ƙas daga saman injin, kamar ana buga cokali a kwano. Aikin saurare na mutum biyu ne, ɗaya ya taka totur, ɗaya ya kafa sukudireba a jikin inji ya ɗora kunne a kan ƙotar. Ni kuwa bulo na ɗora a kan totur, na zagayo na saurara. Wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Na sauya baƙin mai, na sauya filta, na kwance famfon mai na mayar. Duk abin da hannuna ya taɓa sai da na tuhume shi. Murfin saman ne kawai na ƙi kusanta, don idan na kwance kusoshin nan, babu sauran abin da Yaya ya ɗaure a duniya.

Mai walda da ke maƙwabtaka da mu, wani dattijo ɗan Birom, ya leƙo ya ce, "Oga, sama ne fa, kai ma ka sani. Buɗe kafin ya cinye kansa."

Na ce, "Baba, don Allah ji da waldarka." Ya koma kan waldarsa, ni kuma kunya ta kama ni.

Da hantsi na buɗe. Ƙamas! Ko ɗigon mai babu a saman. Roka uku, cikin 'yan hannayen nan, sun cinye, bakinsu ya ƙone ya yi shuɗi, garin ƙarfe ya manne min a yatsa. Na zare sandar na duba, sai na ga a juye aka ɗaura ta. Hudar da mai ke bi ya hau tana kallon inda babu hanya, famfo na ta turo mai, mai na komawa ƙasa.

Kai! Yaya ne fa, mai kama kuskurena daga ɗaya ƙarshen gareji. Shekara ashirin da 'yan kai ina jiran ranar da zan kama nasa. Dariya ta ƙwace min, na ɗaga sandar sama na juya wajen bencin da yake zama, na ce, "Yaya, zo ka ga aikinka!"

Na daɗe a tsaye da ita a hannu. Da na gaji da jira, na wanke ta da fetur, na ɗaura ta daidai.