Zambon Sa'idu Tela

Ana cewa kishi kumallon mata ne. Wanda ya fara faɗar haka bai zauna kusa da Injiniya Sanda ba a shekarar da Musbahu ya shigo rayuwarsa.

Sanda haifaffen Fagge ne a Kano. Gwamnati ce ta turo shi Ingila karatu, tun zamanin da in za ka gaida mutanen gida sai ka naɗi muryarka a kaset ka ba matafiyi. Ya sha sanyi a wani ɗan ɗaki a unguwar Selly Oak ta birnin Birmingham, ya gama karatun injiniyan ruwa, ya ce zai ɗan taɓa aiki kaɗan ya koma. Yau furfura ta cinye gemun, yana zaune a unguwar Small Heath da matarsa Zinatu, 'ya'ya sun girma sun kama gabansu. In ka tambaye shi har gobe zai ce maka komawa gida na nan tafe.

Ranar da ya fara sauka a ƙasar, abokan tafiyarsa sun cika jaka da kilishi da yaji da kuka. Shi kuwa kaset-kaset ya ɗauko. Tun yana ɗan sakandare yake zarya wajen masu rikodin a bakin kasuwa, kuma ba waƙoƙin da samari ke rububi yake nema ba. Nasa na siyasa ne, na zamanin neman mulkin kai da abin da ya biyo baya: na kukuma, na kalangu, da waɗanda 'yan jam'iyya ke rerawa a dandali da tafi kawai. Duk hutun da ya je gida sai ya ƙaro. Ɗakin da Zinatu ta ware don baƙi, a hankali kwalaye suka kore gadon.

Da waɗannan kaset ya yi suna a tsakanin Hausawan Birmingham. A wajen suna ko walima ko barka da salla, da zarar an janye farantan shinkafa, sai wani ya ce, "Injiniya, a ɗan taɓa mana." Sai ya yi kamar ba ya so, alhali tsohuwar rediyonsa tana cikin but ɗin mota tun safe. Ya zura biro a cikin kaset ya juya a natse, ya saka, ya danna. Ba ya barin waƙa ta yi nisa. Zai tsayar, ya ɗaga yatsa, ya ce wannan baitin shi ya kai mawaƙin gaban alƙali, wancan kuma shi ya sa 'yan kasuwar wani gari suka juya wa ɗan takararsu baya. Manyan likitoci da akantoci sai su yi tsit kamar 'yan firamare. A ofis shi mutum ne mai duba zanen bututu, ba wanda ke tambayarsa ko daga ina ya fito. A cikin waɗannan falukan ne kawai ake sauraron Sanda, kuma yana son abin har cikin ransa.

Yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya takawa. Waƙar siyasa rabinta yabo ne, rabinta zambo, wato wulaƙanta abokin hamayya da baki, kuma waɗanda aka yi wa zambon sun bar 'ya'ya da jikoki. Don haka kafin ya danna rediyo sai ya ƙare wa ɗakin kallo, ya tuna wane jikan wane ne. Saboda wannan ne akwai kaset ɗin da bai taɓa kunnawa a gaban mutane a Birmingham ba, na wani Jibo Mai Kukuma. A ciki Jibo ya tasa wani Sa'idu Tela na Kazaure a gaba, ya ce da rana yana ɗinka tutar jam'iyyar sarakuna, da dare ya rufe ƙofa ya ɗinka ta talakawa. Shi kuwa Sa'idu Tela shi ne mahaifin Hajiya Raki, mahaifiyar amininsa Dakta Harun. Tun da mijinta ya rasu take zaune a gidan ɗan nata, kuma ba a yin wata ba ta zo ta ci dambun Zinatu ba.

Ana nan sai ga Musbahu. Ɗalibi ne a Manchester, yana digiri na uku a kan kiɗa da siyasa a Arewa, yana zaune da 'yan uwansa ɗalibai a Fallowfield. Ya shigo jirgin ƙasa takanas, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi.

"Kawu, duk wanda na tambaya sai ya ce in zo wajenka. Wai abin da ke ɗakinka ko a library ɗin uni babu shi."

Kan Sanda ya fasu. Ya zaunar da shi tun azahar har magariba yana zuba masa labari. Da yaron ya ce zaren kaset ɗin ya fara lalacewa, ya kamata a juye su cikin kwamfuta, Sanda da hannunsa ya loda masa kwalayen. Bayan 'yan watanni Musbahu ya dawo da su cif, ya haɗo da turare da godiya mai yawa. Bai ɓatar da ko ɗaya ba, bai yi rashin kunya ba, bai yi ƙarya ba. Daga baya wannan ne ya fi ƙona wa Sanda rai, don da yaron ya yi laifi da ya sami abin kamawa.

A wani suna ne abin ya fara. An janye farantai, Sanda ya gyara zama yana jiran a kira shi, sai ya ji kukuma tana tashi daga wayar wani akanta, tangaran, babu shuu ɗin nan na tsohon kaset. Ashe Musbahu ya ɗora waƙoƙin a intanet, kowace da bayaninta. A ƙarƙashin kowace ya rubuta cewa daga taskar Injiniya Sanda take, amma wa ke karanta ƙananan rubutu? "Waƙoƙin Musbahu" aka koma ce musu. Rediyon ta wuni a but ɗin mota ran nan, haka ma a taron da ya biyo baya.

Wadda ta fi yi masa ciwo ita ce ta Firdausi, autarsa. Yarinyar da ta tashi tana rufe ƙofar ɗakinta in ya kunna kaset, ita ce ta turo masa waƙa a waya da saƙon Turanci, wai lallai sai ya ji ta: "Dad, you have to hear this." Waƙar da ya saya da kuɗin makarantarsa tun kafin ya san uwarta.

"Baban Firdausi, ba kai ka ba shi ba?" in ji Zinatu, ganin ya ture abinci.

"Na ba shi ya adana. Ban ba shi ya yi suna da su ba."

"To ai sunanka na jiki."

"A ƙasa! Can ƙasa, inda ake sa sunan mai shara."

"Kai dai faɗi gaskiya, kishi kake yi da sa'an ɗan cikinka."

Ya ce Allah ya sawwaƙe, shi ya wuce nan. Amma ya koma bin duk abin da Musbahu ya rubuta yana neman kuskure, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. In ya sami shekarar da aka karkace sai ya yi murmushi shi kaɗai. In bai samu ba ya wuni yana tsaki.

Da watan Oktoba ya kama, ƙungiyar ɗaliban Arewa ta shirya ranar al'adu a wani zaure kusa da titin Oxford Road a Manchester, ta sa Musbahu ya yi jawabi. Ana saura 'yan kwanaki ya bugo waya.

"Kawu, don Allah ka zo, na sa an ajiye maka kujera a gaba. Ina so in buɗe da ta Jibo Mai Kukuma, wadda ya yi wa telan nan na Kazaure. Ita ban ɗora ta a intanet ba tukuna. Supervisor ɗina ma ta ce ita ta fi nuna yadda waƙa ke hukunta mutum. Ya kake gani?"

Sanda ya san Dakta Harun zai je. Ya san da Hajiya Raki za a je, don a mota ɗaya ma aka shirya tafiya. Kalma biyu sun isa: canza ta. Ya ji su a kan harshensa. Sai ya hango a ransa zauren ya yi tsit, tsohuwa ta sunkuyar da kai, Dakta Harun ya miƙe a fusace, sannan kowa ya waiwayo yana cewa ai da Injiniya ne da haka ba ta faru ba. Hoton ya yi masa daɗi, ba sai an ɓoye ba.

"Ka iya zaɓe," ya ce. "Allah ya kai mu."

Ranar Asabar suka kama hanyar Manchester da hantsi, ana yayyafi. Dakta Harun na tuƙi yana ƙorafin marasa lafiyar da ke zuwa wajen GP, wato likitan unguwa irinsa, da mura kawai. Hajiya Raki na baya tare da Zinatu, ta miƙo wa Sanda goro.

"Ungo, Injiniya. Yau na ji ka shiru."

Ya karɓa da hannu biyu, ya ce sanyi ne. Har suka isa bai faɗa musu waƙar da za a buɗe da ita ba.

Zauren ya cika da ɗalibai, 'yan mata sun sha atamfa a ƙarƙashin rigunan sanyi. Musbahu ya hau dandamali, ya fara da gode wa Kawu Sanda, aka yi ɗan tafi. Sannan ya danna kwamfuta. Kukuma ta yi kuka, muryar Jibo ta fito a shaƙe: Sa'idu Tela na Kazaure, allura ɗaya tuta biyu, da rana na sarki, da dare na talaka. Ɗalibai suka kwashe da dariya. Sanda ya saci kallon gefensa. Fuskar Dakta Harun ta ɗaure. Hajiya Raki ta dafa sandarta tana ƙoƙarin miƙewa.

Shi ke nan, in ji Sanda a ransa.

"Kai yaro, tsaya!" Muryarta ta ratsa zauren. Musbahu ya tsayar da waƙar. "Mayar da ita baya kaɗan. Inda wani ya yi magana."

Ya mayar. A tsakiyar kiɗan, can cikin hayaniyar 'yan kallo, wani mutum ya ɗaga murya ya ce, "Ƙara faɗa, Jibo!" sannan ya tuntsire da dariya. Sanda ya ji wurin nan ba adadi, kullum yana ɗaukarsa surutun taro ne.

"Baba ne," in ji Hajiya Raki. "Wallahi Babana ne. Harun, ka ji muryar kakanka."

Hawaye na zuba tana dariya. Aka kawo mata abin magana, ta ce ba ta so, muryarta ta isa. Ta ce ai gaskiya Jibo ya faɗa, tutocin duka biyu Baba ya ɗinka, ita ma tana yarinya ta riƙe masa fitila. Da waƙar ta fito yara suka riƙa binsa da ita a kasuwa, 'yan jam'iyyun biyu suka ƙaurace wa shagonsa har sai da gidansu ya ji a tukunya. Amma shi bai taɓa jin haushi ba. Cewa yake allura ba ta da jam'iyya, kuma ba a yi wa ƙaramin mutum zambo. Bayan siyasar ta lafa, shi da kansa ya gayyato Jibo bikin ƙaninta, ya ce sai ya rera ta a gabansa. A wajen bikin nan aka naɗi wannan kaset.

"Ko hotonsa ba mu da shi," ta ce. "Tun da aka binne shi ban sake jin muryarsa ba sai yau. Zo nan, ɗan albarka."

Musbahu ya sauko ya durƙusa. Ta dafa kansa ta yi ta sa masa albarka, zauren na amsawa da amin. Dakta Harun ya rungume shi. Sanda na zaune da sauran goro a hannu, kishi na cin sa kamar ya tashi ya ce kaset ɗina ne, ni na saya, ni na adana. Bai ma buƙaci faɗa ba.

"Hajiya, ba ni za ki gode wa ba," in ji Musbahu. "A wajen Kawu Sanda na samu. Tun kafin a haife ni yake ajiye da shi."

Ta juyo a hankali. Ba faɗa a fuskarta, kallonsa kawai take kamar yau ta fara ganinsa.

"Injiniya, a gidanka yake?"

"Eh, Hajiya. Na ga kamar zambo ne, shi ya sa..."

"Duk shekarun nan ina shiga gidanka, ina zama a falonka, Babana na cikin kwali a ɗaki na gaba?"

Sanda ya sunkuyar da kai yana kallon goron da ke hannunsa. Zinatu ta kawar da kai. Hajiya Raki ta goge ido da gefen mayafinta, ta juya wajen Musbahu.

"Sake sa min shi, ɗana. Daga farko."