Farar hodar da ta yi ja a ofishinmu

Ba na jin zan manta da ranar da Manaja ya umarce ni in zuba kayan mutane a tafkin Kalmalo. Ku da kuka kama aiki bayanmu ya kamata ku ji.

Lokacin ina mai karɓar saƙo a wani kamfanin aika kaya da ke tashar Illela. Ƙa'idar aikin ita ce in karɓi kwali, in rubuta sunan mai shi da lambarsa, in ajiye sai motar Sakkwato ta cika. Ba a buɗe kayan kowa sai a gaban mai shi. Firamare kawai na yi, shi ya sa nake duba kowane suna sau uku. Manaja kuwa difloma gare shi, kuma ba ya bari a manta.

Ranar kasuwa ce, da damina. Wani direba ya kawo ƙaramin kwali daga Ƙonni ta Nijar, za a kai wa wata malamar jami'a mai suna Rabi. Manaja ya jijjiga shi, ya ji ƙarar kwalabe, ya sa reza. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a buɗewa." Ya ce, "Ummaru, kai ka koya min aiki?"

Ƙananan kwalabe shida ne, kowace da lamba, cike da farar hoda. Ya kwance murfin ɗaya ya sunsuna. Sai ya aro fitilar ɗan canjin da ke maƙwabtaka da mu, wadda ake haska takardar kuɗin sefa da ita a gane ta jabu. Wai ita ba ta ɓoye gaskiya. Yana haskawa, hodar ta yi ja kamar garwashi.

Mai difloma ya yi tsalle har hularsa ta faɗi. "Yuraniyam na! Daga Nijar yaf fito, kuma ga shi yana wuta!" Ya toshe hanci da babbar riga, ya tsayar da mai nono a bakin ƙofa, ya shanye ƙwarya guda, wai maganin guba. Daga can waje ya ɗaga murya: "Ɗauki abin ga ka zuba Kalmalo. In ka dawo da shi, kak ka dawo aiki."

Na rufe kwalbar, na ɗaure kwalin a bayan keke. Tunani ya hana ni taka feda da kyau. In guba ce, mutanen Kalmalo kifin nan suke ci, dabbobinsu ruwan nan suke sha. In ba guba ba ce, amanar wata na zubar. Ga kuma iyalina da ke ci daga aikin nan. Sau biyu ina tsayawa in wanke hannu. A ƙarshe na zauna gindin wata bishiya na kira lambar da na rubuta da hannuna.

Da na gaya mata abin da ya faru, Malama Rabi ta yi salati ta ce, "Baba, don Allah kada ka motsa da shi. Aikin shekara biyu ne."

Bayan azahar ta iso a motar haya, muka koma ofis tare. Ta yi mana bayani a hankali. Ta ce da ita da wani abokin aikinta a Nijar suka haɗa hodar. In an duba ta da na'ura, faifai-faifai ce, kamar tabarmi da aka jera wata kan wata, da ruwa da wani gishiri a tsakaninsu. A jikin tabarmin aka cusa ɗan wani ƙarfe da ake kira yurofiyam. Shi ne ke shan hasken irin fitilar nan ya mayar da shi ja. Ta haska fitilar, hodar ta yi ja; ta kashe, ta koma fara fat. Kwalabe shidan kuwa don a gane wane gwargwado ya fi haske ne.

Sai ta ga murfin lamba huɗu a karkace. Ta ce hodar na jan wani abu daga iska ya shige tsakanin tabarmin, don haka wannan ba ta da sauran amfani. "Wa ya buɗe?"

Manaja, da nono a gemu, ya ce, "Hajiya, yaran yanzu na, ba su jin magana. Ni nac ce a adana miki shi." Yaron da yake nufi ni ne, mai jikoki uku.

Na miƙa wa Malama takardar karɓar kaya, shi ma Manaja ya miƙo tasa. Ta dubi gemun, ta dubi rezar da ke kan teburinsa, ta sa hannu a takardata, ba tasa ba.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu ba sai ka san abin da ke cikin kwali ba, ka dai san ba naka ba ne. Ba a kore ni ba. Manaja kuwa ya yi kwana uku yana zarya bayan gida, kuma har ya bar kamfanin yana rantsuwa yuraniyam ne ya taɓa shi.