Gwaggo Zina, Mai Riƙon Naman Wuyanmu

Kafin ta tuɓe rigar sanyinta, kafin ta ɗora ruwan shayi, Zinaida Trohimivna, wadda muke kira Gwaggo Zina, sai ta sauka ɗakin ƙasa na asibitinmu a Kyiv ta bi firizoji ɗaya bayan ɗaya tana ɗora musu tafin hannu. In ta ji suna gurnani daidai, sannan ta gaisa da mutane. Daga nan ta je ƙofar ɗakin tiyata da tukunyarta ta ƙarfe mai fitar da hayaƙin sanyi, ta jira a miƙo mata abin da aka yanko daga wuyan wani. Ta rarraba shi gutsi-gutsi, ta daskarar, ta adana, wani kuma a aika wa masu bincike a ƙasashen waje. Haka take yi tun muna yara har wasunmu suka fara furfura. Makon jiya ta ajiye aiki.

Ina yarinya ƙarama tashar nukiliyar Chernobyl ta fashe. A ƙauyenmu kusa da Ovruch ba wanda ya gaya mana komai. Saniya ta ci ciyawa, mu muka sha madara. Ina sakandare ƙullutu ya fito mini a gaban wuya, likita ya ce ciwon daji ne, irin wanda ke bin yaran yankinmu.

Ranar da za a yi mini aiki, ina zaune a benci da mahaifiyata Marfa, matar nan ta zo neman izinin ajiye abin da za a cire.

"An lalata mana gona, an kashe mana saniya," in ji mahaifiyata, "yanzu kuma naman 'yata za ku ba baƙi su yi suna da shi?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba, 'yar'uwa. Wannan ba zai warkar da Uliyana ba. Mai yi mata aiki yana ciki yana wanke hannu. In kin ce a'a, ƙona shi za a yi, ba mai ganin laifinki. In kin yarda, ni zan riƙe shi, ko wata rana ya amfani 'yar wata."

"Ke kina da 'ya'ya?"

"Ba ni da su. Mijina yana cikin waɗanda aka tura share rufin tashar. Bai daɗe ba ya rasu."

Mahaifiyata ta kwance ƙunshin dafaffen dankalinta, ta miƙa mata ɗaya. Sai da suka cinye ta ce to.

Ke ce, Gwaggo Zina, kika zauna a bencin nan da ɗaruruwan iyaye, ba wanda kika yi wa alkawarin abin da ba ya hannunki. Ke ce kika san mu da sunayenmu a inda ake kiranmu da lamba.

Sai yaƙi ya zo. Likitocin da ake aikin tare da su a tsallaken iyaka suka zama mutanen da ba a buga musu waya. Baƙin da ke zuwa duk shekara duba naman a madubin likita suka daina zuwa. A lokacin sanyin da aka ragargaza tashoshin lantarki, man janareta ya kasa ɗaukar ɗakin tiyata da ɗakin ƙasa tare. Hnat Savich, tsohon mai gyaran wutar asibitin, shi aka aika ya gaya mata, shi kuma ya ba ni labarin.

"Trohimivna, an ce masu rai ne kan gaba."

"Daidai ne. To kai da ke da rai, ɗauki tukunyar can."

"Ni da ciwon baya? Ki auri firizojin nan kawai kowa ya huta."

"Sun fi ka amfani, kuma ba sa shan giya. Ɗauka."

Wuni guda suna kwashe naman zuwa tukwanen sanyin da suka rage, amma wurin bai isa ba. Dole ta zaɓa. Ta fara da na yaran da suka rasu, domin shi kaɗai ya rage na jikinsu a bayan ƙasa. Firiza biyu suka narke. Hnat ya ce ita da kanta ta goge ruwan da ya malalo, ta hana kowa taɓa tsumman.

Nawa yana cikin waɗanda suka narke. Da hanya ta buɗe, ta hau bas har ƙauyenmu, ta tsaya a ƙofar mahaifiyata.

"Marfa Ilkivna, na ce miki zan riƙe shi. Ban riƙe ba."

Mahaifiyata ta matsa mata daga bakin ƙofar. "Shigo ki sha miya. Wane abu aka taɓa riƙe mana a ƙasar nan?"

Yanzu Gwaggo Zina ta tsufa, wuƙa ba ta tsayuwa a yatsunta. A walimar sallamarta mu bakwai ne, da kek ɗin da Hnat ya sayo. Ba a sami wanda zai gaje ta ba: wasu suna fagen daga, wasu sun tafi Poland, albashin kuma ba ya riƙe matashi. Na tambaye ta ko wahalar ta biya.

"Ban sani ba, 'yata. An yi rubuce-rubuce. An gane wasu abubuwa. Yaran dai ba su dawo ba." Ta juya kofinta. "Ga sojoji can zaune cikin wata tashar nukiliyar a kudu. Tsorona kada a sake buƙatar abin da na ajiye."

Mun gode, Gwaggo Zina, mu masu tabo a wuya, da iyayen waɗanda ba su kai ga yin tabon ba. Ba mu da abin saka miki.

Ga wanda ya karanci aikin gwaje-gwaje kuma bai riga ya haɗa jakarsa ba: sauran firizojin suna aiki, kuma ta ce za ta koya wa duk wanda ya zo, kyauta, muddin tana iya sauka matattakalar. Har yau ba wanda ya je.