Gorar Tsinkar Mangwaro

Jobeda Khatun ta ƙare ƙuruciyarta tana dafa wa ɗalibai shinkafa da miyar dal, wani irin ƙananan wake, a Dhaka. Da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, sai ta koma ƙauyensu kusa da Mymensingh, ga ciwon suga, ga zaman banza. Dama matsoraciya ce, ko wani ake yi wa allura sai ta runtse ido. Yanzu kuwa ta daina leƙa ƙofa, tana ta wanke hannu har fatar ta tsage.

Ana haka cutar ta kashe maƙwabcinsu Mofiz. Mutane masu fararen kaya suka ɗauke gawar, aka kafa jan ƙyalle a ƙofar gidan. Matarsa Shefali da tsohuwar uwarsa suka rage a ciki.

A ƙauyen ba a hura wuta a gidan mutuwa sai kwanakin makoki sun wuce, maƙwabta ke ciyar da mutanen gidan. Wannan karon ba wanda ya kai ko loma. Jobeda ta dinga kallon rufin madafar Shefali ta saman shinge. Jiya ba hayaƙi, yau ma babu.

"Shefali!" ta kira daga nesa, ta toshe hanci da gefen sarinta. "Ki hura wuta mana, ai lalura ce!"

"Na ɗauko ashana, Yaya, Inna ta riƙe min hannu. Wai ɗanta bai samu wanka ba, ko wannan al'adar a bar masa."

Jobeda ta koma ta ɗora tukunya. Mijinta Korban Ali ya leƙo, ya kira ta da sunan 'yarsu.

"Maman Shiuli, ke da kyankyaso ke kora daga ɗaki? Da sugan naki? In kika kwaso mana, wa zai kai ki asibiti?"

"To kai ka miƙa musu, jarumi."

Nan take ciwon bayansa ya tashi.

Ta ɗauko doguwar gorar da suke tsinkar mangwaro, ta ɗaure kwanon abincin a bakinta, ta miƙa. Gorar ba ta kai ba. Dole ta matsa har jikin shingen, inda iskar gidan ke bugowa. Ta riƙe numfashi, miya na ɗiga. Sai Shefali ta yi tari. Ƙafafun Jobeda suka ce gudu, amma ta tsaya, ido a runtse, har ta ji gorar ta yi sakayau, an kwance kwanon.

Ta yi wanka da sabulun wanki tana kuka. Duk yinin ta yi ta haɗiyar yawu, tana jin ko maƙogwaronta ya fara ƙaiƙayi.

Da la'asar Korban Ali ya gan ta tana jiƙa dal. Ta ɗaga murya ta saman shinge.

"Shefali! Inna tana cin yaji, ko in rage?"