Mai Silifas a Hanyar Jere

Kowa yana yabon fim ɗin nan na farautar 'yan ta'adda. Kawuna, malamin makaranta, ya ce har lambar yabo an ba shi, "amma ba na 'yan shekarunki ba ne, kina ji na?" Na ji. Sai ga mu ni da Mama a bas daga Kafanchan zuwa Jere, mutumin da ke gefena fim ɗin yake kallo a waya. Nan take wuyana ya yi tsawon taɓarya.

A fim ɗin, 'yan ta'adda sun sa kayan soja sun tare hanya, silifas ɗin ƙafarsu kaɗai ya tona su. Abin da suka yi wa fasinjoji ba ya faɗuwa.

Can sai motarmu ta rage gudu. An gitta itace a titi, ga mutane da bindigogi. Na leƙa ƙafafunsu. Ɗaya silifas ya sa.

Na damƙe hannun Mama har ta ce, "Ke, karya ni za ki yi?" Mai silifas ya leƙo, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya bubbuga motar mu wuce.

Har muka isa Jere ban saki hannun ba.